Tsohuwar tarakta ƙirar 1964: in gyara injinta ko in saka mata sabo?

Baban Ummi (Ohayo):
Assalamu alaikum jama'ar gida. Dan Allah masu harkar inji ku matso ina neman shawara. Wata biyu da suka wuce na sayi wata tsohuwar ƙaramar tarakta anan jihar Ohayo inda nake zaune, irin wadda turawa suke aikin lambun bayan gida da ita, sunanta Cub Cadet 100, ƙirar 1964. Wajen wata dattijuwa na saya, mijinta ne mai ita ya rasu, tace tafi shekara goma a rumfa ba wanda ya ko kalle ta. Girmanta bai kai keke napep ba amma mu huɗu muka tura ta kan tirela da kyar, dan ƙarfe ne zalla ba roba ko ɗaya a bodinta.

Da na kawo ta gida na cire murfin fankar inji sai na tarar ɓeraye sunyi gida a ciki, tsummokara da ciyawa da ɓawon gyaɗa sun toshe duk inda iska take bi, sai da na cika leda guda. Tankin mai duk tsatsa, kafireta kuma tsohon fetur ya daskare a ciki ya koma kamar ƙaro. Na wanke, na goge kwantak (ɗan abin da yake sakar wa fulogi wuta), na sa sabon fulogi da batir, alhamdulillah ta tashi. To amma hayaƙi take kamar an kunna bola, shuɗi, kuma baƙin mai yana raguwa. Injin Kohler ne K241 mai ƙarfin doki 10. Yanzu hanya biyu ce a gabana, ko in sauke shi in kai a yi masa bori, wato a faɗaɗa ramin silinda, a sa sabon fistin da ringi, ko in sayi sabon inji ɗan Chana irin na janareto in ɗora mata, kuma wlh sabon yafi araha akan gyaran. Me kuka gani?

Oga Bakanike (Ƙofar Ruwa):
Wa alaikumussalam Alhaji. Kafin komai kada ka ƙara tada ta. Gidan ɓeran nan da ka cire shine ya gaya min labarin injin, tunda ba lagireto gare shi ba iska ce take sanyaya shi, in an yi aiki da shi a toshe to ya sha zafi, ringi sun saki. Buɗe kan injin ka sa farce a cikin silinda daga ƙasa zuwa sama, in farcenka ya maƙale a wani gefe can sama to ta ci, sai bori. In sumul take ringi kawai zaka canza. Turo hoto mu gani.

Manomin Kura:
Ni fa Alhaji kayi haƙuri zan faɗi abin da ke raina. Mu nan lokacin kaftu sai mutum ya kwana uku yana bin mai tantan ɗaya da kuɗinsa a hannu bai samu layi ba, ruwa ya sauka gona tana jira, kai kuma kana can zaka zuba daloli akan abin da ko kadada ɗaya bazai nome ba. Da kuɗin nan ka haɗa ka turo gida an tada wata babbar tarakta Massey da take kwance ai da mutum ɗari sun amfana. Ba faɗa bane amma abin yana min ciwo.

Maman Biyu:
Haba Malam, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Wani doki yake kiwo, wani tattabaru, wani duk albashinsa a waya yake ƙarewa ba wanda ya ce masa komai. Bawan Allah ya tashi daga aiki maimakon ya zauna gaban talabijin ya kama sifana, ni banga laifi ba. Kuma shawarar inji ya nema.

Baban Ummi (Ohayo):
Manomin Kura na ji maganarka kuma ban ji haushi ba, nima ɗan manomi ne na san zafin jiran tantan. Amma bari in maka bayani. Abin da na saye ta ko tayar baya ɗaya ta babbar tarakta bazai saya ba. Kuma aiki take, ba ado bace. Bayan gidana ina shuka yakuwa da kuɓewa da alayyahu da rama lokacin zafi, abubuwan da in ka je kanti anan sai ka sha wuya ka same su, akwai ƙaramar garma da ake ɗaura mata a baya. In hunturu yazo kuma a ɗaura mata faranti a gaba ta ture ƙanƙara daga ƙofar gida.

Amma gaskiyar magana abin da ya fi jana shine ɗana. Shekararsa 13, anan aka haife shi, bai taɓa ganin an buɗe wani abu an gyara ba, komai ya lalace a jefar a sayi sabo. Ranar da muka goge kwantak ɗin nan da ƴar takardar yashi muka gwada muka ga wuta ta fito a bakin fulogi, yaron nan tsalle yayi yana kiran mamarsa ta zo ta gani. Tun ranar duk Asabar shi yake tashina.

Ɗalibin Injiniya:
Masha Allah. Na ɗan san tarihin wannan taraktar dan mun taɓa magana akanta. Kamfanin International Harvester ne ya fara yin Cub Cadet a 1961 a garin Louisville na jihar Kentaki, kuma sirrin ƙarfinta shine basu zauna sun ƙera mata ƙaramin giyabos ba, na babbar yayarta Farmall Cub suka ɗauko suka gyara suka sa mata. Shi yasa bayanta yafi ƙarfin injin nesa ba kusa ba. A shekarun nan ne kamfanoni suka yi ta gasa, John Deere ya fito da 110 a 1963, ga Wheel Horse jajaye daga South Bend a Indiyana, kuma yawancinsu injin Kohler ɗin nan suke ɗauka. A 1981 aka sayar da sunan Cub Cadet ga kamfanin MTD. Dan haka taka ta asalin gidan ce.

Ni dai ra'ayina ka sa sabon inji Baba. Yafi shan mai kaɗan, baya hayaƙi, wutarsa ta zamani ce ba ruwanka da kwantak da kwandansa, kaja ko ka murɗa ta tashi. Fasaha gaba take yi, in akwai abin da yafi sauƙi me zai sa a wahala?

Oga Bakanike (Ƙofar Ruwa):
Yaro karatunka yayi kyau amma anan ka kauce. Shekarata sama da 30 ina kwance inji. Ɗan Chanan da kake magana ina gyara irinsa kullum a janareto da injin ban ruwa, yana aiki ba ƙarya, amma jikinsa alminiyon ne, in ya buga sau ɗaya yawanci sai dai a sayar wa ƴan gwangwan. Wancan kuma baƙin ƙarfe ne na zubi, wanda ya ƙera shi tun farko ya bar masa nama a jiki dan ya san wata rana za a yi masa bori, shi yasa ake samun fistinsa da ya fi na asali kauri, ƙari goma, ƙari ashirin, ƙari talatin. Kaga kenan rai uku aka ajiye masa bayan na farko. Inji ya shekara 60 ya yi shekara goma sha a rumfa da ɓeraye kuma ya tashi da goge kwantak kawai, sannan kace a cire shi? Da tsohuwar zuma ake magani.

Ku dubi injin Lista na niƙa a ƙauyuka, wasu sun girmi masu su, har gobe suna bugawa.

Mai Walda (Panteka):
Oga ya faɗi nasa, bari in faɗi ɓangarena dan ni za a kawo wa in an ce juye. Alhaji kalli yadda injinka yake zaune, in irin wanda na sani ne ba bel bane yake kai ƙarfi baya, sanda ce ta fito daga bayan inji wajen filawil ta bi ta kuloci ta shiga giyabos. Sabon injin da zaka saya an yi shi ne ya bada ƙarfi ta ɗaya gefen. Kenan sai an ƙera masa abin haɗi, kuma sai ya zauna daidai saiti ko kaɗan bai karkace ba, in ya karkace da kaurin gashi zai dinga cin boris yana girgiza. Sannan firam ɗinta siriri ne, sau da yawa sai an yanka an faɗaɗa kafin sabo ya shiga. Ni da hannuna nayi juye kala kala, na sa injin babur a abin da ba babur ba, amma duk abin da ka sa masa wuta ka yanke ya tafi kenan. Arahar da kake gani a farashin inji zata ƙare a wajen mai walda, kuma na san aikin hannu a ƙasarku da tsada.

Baban Ummi (Ohayo):
Mai Walda kamar kana gabanta, haka take, sanda ce. Kuma na auna firam ɗin jiya tabbas sai an yanka. Oga na buɗe kan, farce yana maƙalewa sosai a sama, kuma gaskit ɗin ya ƙone ta gefen bawul ɗin hayaƙi, akwai baƙin layi inda wuta take fita.

Ɗalibin Injiniya:
To amma ai a can ɗin ma akwai masu canzawa, ba kowa bane yake barinta yadda take. Ba suna gasar jan kaya da su ba?

Baban Ummi (Ohayo):
Ƙwarai akwai, kuma naje na gani a bikin baje kolin amfanin gona na ƙaramar hukumarmu. Gida biyu ne. Akwai masu mayar da ita yadda ta fito daga kamfani, su waɗannan har noti basa yarda a canza, fenti sai rawaya da farin asali, sitika sai irin ta shekarar, mutum zai tsuguna ya duba lambar da aka buga a jikin giyabos ya gaya maka shekarar da aka yi ta. Sai kuma masu gasa, su ɗaure mata wata doguwar tirela mai nauyi wadda kana tafiya nauyin yana matsowa gaba har sai ta kasa motsi, wanda ya fi nisa shi ya ci. Waɗannan kam sun canza komai, manyan tayoyi, salansa a miƙe sama, injin yana kuka kamar zai tsage, wasu ma dizal suke sawa. Kuma Cub Cadet suka fi nema saboda bayan nan da ka faɗa baya karyewa da wuri. Akwai kuma ranar huɗa, manomi ya bada gonarsa bayan girbi, a zo da ƙananan taraktoci a jeru kowa da garmarsa ana bin juna, tsofaffi da jikokinsu. Wannan ita tafi burge ni dan sai ta tuna min gayya.

Na Maraɗi:
Salamu alaikum mutanen Najeriya. Ni abin da na lura, abin da bature ka yi dan sha'awa mu dole ta sa mu ke yi nai. Nan wajenmu duk tarakta da ka gani tana aiki an tada ta sau ba adadi, kaya daga Katako a Yamai ko a ƙetara Kano a samo. Bambanci ɗai su suna da takarda ta kowane inji, su buɗe su ga awo, mu kau sai kai da kunne. In tsohon bakanike ya rasu ya tafi da abin da ya sani.

Oga Bakanike (Ƙofar Ruwa):
Wlh Na Maraɗi ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Bari in baku labarin wata Massey 135 da na tada shekaru kaɗan baya. A gindin wata tsamiya na same ta a ƙauye, tayoyi sun nutse a ƙasa, kaji suna ƙwai a ƙarƙashinta, magada har sun yi ciniki da mai gwangwan zai sare ta a kilo. Na roƙe su suka sayar min. Injinta Perkins ne mai silinda uku, ya kafe baya juyawa, na cire nozul na zuba dizal da baƙin mai a kowane rami na barshi sati biyu, kullum da safe in zo in ɗan taɓa shi da ƙarfe a hankali ba da ƙarfi ba, ranar sha biyar ya motsa. Na sa sabon silif da fistin da metal, na kai famfon dizal aka yi masa sabis. Da na kwance man giyabos sai ya fito fari kamar kunun gyaɗa, ruwan sama ne ya shiga ta robar sandar giya da ta yage, ƴar roba da bata kai kuɗin kwanon shinkafa ba ita ta kusa kashe famfon hadrolik. Yau tana wajen Haɗeja tana haro, mai ita yana ciyar da gida biyu da ita.

Abin da yake ƙona min rai shine irinta nawa aka sare. Ka shiga wasu harabobin ma'aikatu kaga taraktoci jere ciyawa ta fito ta cikinsu, wata abin da ya kwantar da ita bai fi famfo ko kuloci ba, a barta har a yi gwanjonta a matsayin ƙarfe, sannan a sake odar sababbi. Ƙasar nan fa an taɓa haɗa tarakta a cikinta, Steyr a Bauchi, Fiat anan Kano. Ina suke yanzu?

Manomin Kura:
To Oga ai maganata kenan. Irin wannan gyaran nake so a sa kuɗi a ciki.

Oga Bakanike (Ƙofar Ruwa):
Na sani Malam, kuma kana da gaskiya ta wannan gefen. Amma hannun da zai tada maka Massey daga ina zai fito? Daga yaron da aka bari ya kwance ƙaramin inji ya ga yadda yake. Yaran da ake kawo min yanzu rabinsu so suke su koyi cire wannan sa wancan, ba mai son ya zauna ya wasa bawul. Ɗan Alhaji da yake tsalle dan ya ga wuta a fulogi ni shi nake kallo.

Ɗalibin Injiniya:
135 ɗin nan a Coventry ta Ingila aka yi ta tun daga 1964, kenan sa'ar ta Baban Ummi ce ma. Kuma hannu ukun da ake ɗaura garma a baya Harry Ferguson ne ya ƙirƙiro shi, tun kafin ƴar toka TE20 da aka fara a 1946, aka yi sama da rabin miliyan. A Ingila su ma akwai masu tara su suna gyarawa. Na janye maganar sabon inji tunda sai an yanka firam, ban san da wannan ba.

Maman Biyu:
Ni tambayata akan tsatsa ce, ina da tsohon keken ɗinki na mahaifiyata Allah ya jiƙanta ƙafarsa duk ta yi ja. Alhaji yaya kake cire taka?

Baban Ummi (Ohayo):
Amin Hajiya. Wani maƙwabcina dattijo ne ya koya min. Ki samu robar ruwa babba, ki zuba ruwa da sodar wanki kamar cokali ɗaya a galan, ki rataya ƙarfen mai tsatsa a ciki, ki sa wani ƙarfen banza a gefe kada su taɓa juna. Sai ki kawo cajar batirin mota, baƙar waya a jikin abin da kike son wankewa, jar waya a jikin ƙarfen banzan. In kika juya su to naki ne zai cinye. Zaki ga ruwan yana ƴan ƙananan kumfa, ki barshi ya kwana, da safe tsatsar ta koma baƙin laka sai buroshi kawai. Ki shanya ki shafa fenti ko mai nan take dan da wuri take dawowa. A waje ake yi ba a ɗaki ba saboda iskar da yake fitarwa tana kama wuta, kuma kada ki sa ƙarfe mai ƙyalli irin na cokali a matsayin na banzan, yana ɓata ruwan ya zama guba. Ƙafar kawai zaki sa banda kan keken.

Mai Walda (Panteka):
Tunda an zo nan, Alhaji in zaka kankare tsohon fentin ka rufe hanci da abin kirki kuma ka fitar da yaron daga wajen, fentin zamanin da yawanci akwai dalma a ciki. Sannan ranar da ta tashi kada a ɗaura sarƙa a sama da gatarin baya dan jan kututture ko wani abu, a ƙasa ake ɗaurawa inda aka tanada. In aka ɗaura a sama gabanta ne zai tashi ta kifo da baya kan mai tuƙi, kafin ka taka kuloci an gama. Ƙarama da babba duk haka suke yi, na san wanda ya rasa ransa a haka.

Admin:
Jama'a masu turo tallan fili da na atamfa a tsakiyar maganar nan na goge, dan Allah a kiyaye.

Baban Ummi (Ohayo):
Na gode ƙwarai jama'a. Na yanke shawara Kohler zai zauna. Na sauke shi yau ni da yaron, mun jera komai akan kwali mun rubuta sunan kowane noti da inda ya fito. Mai bori ya auna yace ƙari goma ya isa, kuranshaf ɗin ma lafiya lau gogewa kawai zai yi. Fenti zan mayar mata rawaya da fari. Abin da zan canza fitila ce kawai zan sa ta zamani dan hunturu duhu yake yi da wuri, da kujera saboda bayana, kuma ba zan huda ko'ina ba, tsofaffin zan ajiye su a kwali. Manomin Kura in Allah ya kaimu na zo gida ƙarshen shekara ina so ka kai ni inda Massey ɗin nan da kace tana kwance take, mu tafi da Oga ya duba ta, in mai tasuwa ce sai mu san yadda za a yi.

Manomin Kura:
Tana nan, 165 ce, shekara huɗu kenan. Allah ya kawo ka lafiya, ni zan zo tasha da kaina.

Oga Bakanike (Ƙofar Ruwa):
Allah ya kaimu. Kafin nan Alhaji ga abin da zaka kiyaye wajen haɗawa. Kan injin nan da gaskit ya ƙone kada ka mayar da shi haka, ka shimfiɗa takardar yashi akan gilashi mai kauri ka dinga murza shi a kai har fuskar ta yi haske gaba ɗaya ba tabo. Injin nan bashi da famfon mai, wani ɗan cokali ne a gindin kwanrod yake fantsama mai, dan haka ka lura da ƴar hudar mai ta kwanrod ta kalli wajen kamshaf, in ka juya ta zai buga cikin ƴan mintuna. Bakin ringi kada su haɗu a layi ɗaya, ka raba su. Kwantak ka sa fila geji 0.020, wato rabin milimita. Baƙin mai lamba 30. In ta tashi kada ka ɗaura mata garma ranar, ka barta tayi zafi ta huce ka sake ɗaure notin kai, bayan awa 5 na aiki ka zubar da man ka sa sabo. Kuma ka bar yaron shi ya sa fistin da hannunsa, kai ka riƙe masa silinda kawai.

Baban Ummi (Ohayo):
Na kwafe duka a takarda na manna a bangon gareji. Oga notin kai ɗin daga tsakiya zan fara ɗaurewa ko daga gefe?

Oga Bakanike (Ƙofar Ruwa):
Bi zanen da ke cikin littafin injin tunda kana da shi, kuma kada ka ɗaure ɗaya tamau lokaci guda, zagaye uku zaka yi kana ƙarawa kaɗan kaɗan, wannan gefe sannan kishiyarsa. In ta tashi ka ɗauko mana bidiyo kusa da salansa ina so in ji sulo ɗinta.